Kafin a ce a raba riba, a fara sanin mece ce ribar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan wata rigima da ta zama ruwan dare a kasuwannin Katsina, daga babbar kasuwar cikin birni har Dandume da Charanchi da Mai'aduwa. Rigimar rabon riba ce tsakanin mai kuɗi da wanda yake juya su.

Da an ji irin wannan rigima, abin da ake fara cewa shi ne wani ya ci amana. Akwai macuta, ba mu musa ba. Amma sau da yawa mutum biyu ne masu gaskiya, suka ce "riba rabi da rabi", suka yi musafaha, kowa ya tafi gida da tasa fassarar a ka. Ba a gardama a kan rabi, kowa ya san rabi. Gardamar tana cikin kalmar riba.

Bari mu yi lissafi. Alƙaluman na misali ne, ba farashin wata rana ba. Alhaji ya ba ɗan ƙanensa naira miliyan 5 ya juya a harkar hatsi, riba rabi da rabi. Da kaka yaron ya tafi Dandume ya sayo masara buhu 100 a kan 45,000 kowanne, wato miliyan 4 da dubu 500. Buhunan zubawa da ɗinki suka ci 50,000, 'yan dako wajen lodi da saukewa 60,000, mota zuwa Katsina 150,000, hayar sito ta wata biyar 75,000, maganin ƙwari 25,000, la'adar dillali 40,000. Ɗawainiya ta tashi 400,000, saura 100,000 a hannu. Da bazara aka zo fitarwa, bushewa da ɓera da zubewa sun cinye awon buhu uku. Aka yi ciko, aka tashi da buhu 97, aka sayar a kan 60,000, kuɗi suka kama miliyan 5 da dubu 820. Sai dai buhu 20 daga ciki, na miliyan 1 da dubu 200, wani mai haɗa abincin kaji ne ya ɗauka bashi.

To nawa ce ribar? Yaro ya ce ya saya a kaza ya sayar a kaza, tsakaninsu miliyan 1 da dubu 320, nasa 660,000. In ya ɗauki wannan, abin da zai rage wa Alhaji a kan uwar kuɗinsa 260,000 ne kacal, domin ɗawainiyar duk daga kuɗinsa ta fita. Alhaji ya ce a'a, a cire ɗawainiya tukuna, riba 920,000 ce, kowa 460,000. Yaro ya ce, to Baba, in dai cirewa za a yi, a cire tawa ma: abinci da katin waya da man babur na wata biyar, 150,000. Riba ta koma 770,000, kowa 385,000, shi kuma a mayar masa da 150,000 ɗinsa a kai. Babban ɗan Alhaji, wanda littafi ke hannunsa, ya ce duk ku tsaya, babu riba ko ta sisi, kuɗin da ke ƙasa miliyan 4 da dubu 720 ne, uwar ma saura 280,000 ta cika. Bayan kwana biyu Alhaji ya sake tunani, ya ce ai kuɗin da na ba ka buhu 100 suke saye, in kaka mai zuwa buhu ya kai 58,000, sai da miliyan 5 da dubu 800 zan mayar da buhunana, ke nan ribar gaskiya 120,000 ce. Amsa biyar ga tambaya ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda ya yi ƙarya ko ya ɓoye kwabo.

Abin takaicin shi ne malamanmu sun amsa waɗannan tambayoyi tun ƙarnuka da suka wuce, littattafan kuma suna nan a zaurukan Katsina da Daura ana karanta su kullum. Wannan ciniki shi ne ƙirali, wanda bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suke kira mudaraba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ware masa littafi guda, Risala ta taƙaita shi cikin 'yan layuka, Muhtasar na Halilu ya bi rassansa ɗaya bayan ɗaya.

A wurinsu riba ita ce abin da ya ɗoru a kan uwar kuɗi bayan an fitar da abin da kasuwancin ya ci. Amsar farko ta yaro ta faɗi ke nan. Abincinsa kuwa, suna da rabe-rabe a kai. In ya yi tafiya saboda dukiyar, kuma dukiyar tana da yawan da za ta ɗauka, ya ci ya sha ya kwana daga cikinta gwargwadon yadda aka saba, tufafi kuma sai a doguwar tafiya. In yana zaune a garinsu, ba shi da ko loma. Kwanakin Dandume suna shiga lissafi, tuwon wata biyar da ya ci a gidansa ba ya shiga. Ƙananan ayyuka da kowane ɗan kasuwa yake yi da hannunsa, kamar buɗe buhu a nuna wa mai saye a sake ɗaurewa, nasa ne, in ya ɗauki wani ya yi masa to daga aljihunsa. Aiki mai nauyi irin dako da lodi daga dukiyar ake biya. Katin waya da man babur su ne irin abin da ya kamata a yanke musu adadi tun ranar farko, a ce dubu kaza a wata, domin babu mai iya raba kiran da aka yi wa dillali da wanda aka yi wa uwargida.

Bashin buhu 20 ya danganta da izini. In Alhaji bai ba shi izinin sayarwa bashi ba, yaro ya ƙetare iyaka, miliyan 1 da dubu 200 ɗin suna wuyansa ko mai abincin kaji ya biya ko ya gudu. In da izini, haɗarin na dukiyar ne, amma rabo sai ya jira. Ƙa'idar Risala a nan a fili take: ba a raba riba sai uwar kuɗi ta koma tsabar kuɗi. Babban ɗan Alhaji yana da gaskiya a kan lokaci, ko da yake ba shi da gaskiya in yana nufin ribar ta mutu. Haka hukuncin yake ga kayan da suka rage a sito. Buhun da ba a sayar ba ba riba ba ne, komai tsadar da ake yi masa a baki. In mai kuɗi ya ce a karya a sayar yau, mai juyawa ya ce a jira farashi ya ɗaga, ba wanda yake tilasta wa wani da kansa. Alƙali ne yake duba wanda ya fi zama maslaha.

Amsa ta biyar ita ce ta fi zafi a 'yan shekarun nan. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, masu kuɗi suka ga miliyan 5 ɗin bara ba ita ce ta bana ba. Kukansu gaskiya ne, amma uwar kuɗi a ƙirali adadin da aka ƙirga aka miƙa ce, ba buhunan da take iya saye ba. Shi ya sa ma Malikiyya ba su yarda a ba da kaya a matsayin uwar kuɗi ba. Wanda ya ba yaro buhu 100 ya ce ka sayar ka juya kuɗin, yaron ɗan ƙwadago ne a sayarwar farko, sai a biya shi ladanta, sannan ƙirali ya fara daga kuɗin da suka fito, a kan rabon da aka saba yi wa irinsa. Bashi ma ba ya zama uwar kuɗi. Ba a ce wa mutum kuɗina da ke wurinka ka riƙe su ka juya. Sai ya kawo an karɓa a hannu tukuna. Mai tsoron faɗuwar naira hanya biyu gare shi: ya nemi kaso mafi girma tun farko, ko ya karɓi kuɗinsa duk lokacin da kaya suka ƙare a sake sabon zama. Kuma abin yana juyawa. A 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika sito suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ranar ba wanda ya ce a lissafa masa uwar kuɗi da buhu.

Asara irin wannan ta mai kuɗi ce shi kaɗai, mai juyawa kuma ya yi asarar guminsa, matuƙar bai yi sakaci ba kuma bai saɓa sharaɗi ba. Gobara irin wadda ta cinye shaguna a babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, ko rufe iyakar Jibiya da Kongolam da kaya suna hanya, ko 'yan fashi, ba a ɗora wa mai juyawa. Wanda ya zuba wake a sito bai sa magani ba, ko ya jera buhu a ƙasa babu katako damina ta jiƙa su, wannan sakaci ne, zai biya.

Akwai wani wuri da ko tsofaffin 'yan kasuwa suke tuntuɓe. An yi juyi na farko an yi asarar 600,000, an ci gaba da miliyan 4 da dubu 400 da suka rage, juyi na biyu ya kawo 800,000. Mai juyawa zai ce a raba 800,000. Ba haka ba ne. Sai an cike ramin farko, ribar da za a raba 200,000 ce. Ko da sun yi magana da baki cewa a manta da ta baya a ɗauki ragowar a matsayin sabon jari, Malik bai karɓi wannan ba, sai in mai kuɗi ya karɓi kuɗinsa a hannu da gaske sannan ya sake bayarwa. Haka kuma 'yan kuɗin da ake zara a tsakiya, "turo min dubu 200 zan biya kuɗin makaranta", ko na Sallah da yaro ya ɗiba. Duk wannan ci ne a kan lissafi. In ba a rubuta ba, ranar rabo Alhaji zai ce daga ribarsa ya ci, uwarsa tana nan cif, yaro ya ce daga uwa aka cire, jarin da yake juyawa ya ragu tun watan kaza.

Sai yadda ake faɗin kason. "Kashi uku" tana iya zama ɗaya bisa uku, tana iya zama uku cikin ɗari. "Biyu da ɗaya" ba ta faɗi wa ke da biyun ba, haka "sittin da arba'in". Mafi muni su ne kalaman kunya: ai ba zan cuce ka ba, za ka ga naka, in Allah ya kawo ma san yadda za a yi. Irin wannan in ta je gaban alƙali, kuma babu wata al'ada tsayayya da za ta fassara ta, mayar da su ake yi ga rabon da aka saba yi a irin wannan kasuwa da irin wannan jari, a kira dattawan kasuwa su faɗa. Mutumin da ya ji kunyar faɗin lamba a zaurensa sai ya wayi gari baƙi suna yanka masa ita a kotu.

Wasu kuma suna faɗin lambar, amma ba lambar riba ba. "Ka riƙa ba ni 100,000 duk wata", ko "kashi 5 cikin 100 duk wata" alhali kashi 5 na jari ake nufi. Wannan ba rabon riba ba ne, domin ana biya ko an ci ko an faɗi. In aka haɗa shi da "kuma uwar kuɗina tana nan ko me ya faru", to bashi ne da ruwa, ko da an rubuta mudaraba da manyan baƙaƙe a saman takarda. Rubutun boko ma ya taimaka wa ruɗanin, tunda riba ta halas da riba ta kuɗin ruwa baƙaƙensu ɗaya, alhali a Larabci kalmomi biyu ne daban. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, tsarin nan na damfara da ke biyan na farko da kuɗin na baya, kafin ta kulle a ƙarshen 2016 da irin wannan "riba" aka jawo su.

Sharaɗin da ya lalace kuma ba sakamako ɗaya yake haifarwa ba, a nan ne kuɗi masu yawa suke sauya hannu. In mai kuɗi ya sharɗanta lamunin uwar kuɗi, ko ya yanka wa'adi ya ce shekara ɗaya cur, Malikiyya suna jefar da kason da aka ambata su koma ga rabon da aka saba, wanda ba a samunsa sai an ci riba. Amma in ya ɗaure hannun mai juyawa, ya ce kada ka saya ko ka sayar sai ka tambaye ni, ko ya dasa masa ɗansa ya zama mai gadinsa, ko ya keɓe wa kansa wani adadi a kan kasonsa, to mai juyawa ya koma ɗan ƙwadago. Ladan ɗan ƙwadago kuwa bashi ne a kan mai kuɗi, an ci riba ko an karye. Sharaɗin da Alhaji ya sa don ya kare kansa shi ne zai sa ya biya albashin wata biyar a shekarar da ya yi asara.

Duk wannan in kuɗin na mutum ɗaya ne. In su biyu suka zuba, wani babi ne, kuma a nan shari'ar Musulunci da ta boko suka fi nisa da juna. A Malikiyya riba da asara da aiki duk suna bin gwargwadon jari. Mai miliyan 8 da mai miliyan 2 ba za su raba daidai ba, ko sun yarda. Hanafiyya da Hambaliyya sun sassauta, sun bari a ƙara wa mai aiki kaso, amma asara a wurin kowa gwargwadon jari take. Ƙa'idar da kotunan boko suka gada daga dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta Ingila ta 1890 kuwa ta ce abokan tarayya su yanka abin da suka so, in kuma ba su yanka ba, riba da asara daidai wa daida, ba ruwanta da wa ya fi zubawa. Ta ce abokin tarayya ba shi da albashi sai an yi yarjejeniya a kai, littattafai su zauna a wurin kasuwanci kowa ya duba lokacin da ya so (abokin cin mushe ai ba a ɓoye masa wuƙa), kuma ranar rabuwa a fara biyan mutanen waje, sannan rancen da wani abokin tarayya ya yi wa kasuwancin, sannan jari, abin da ya rage shi ake rabawa. Mai miliyan 8 da bai rubuta komai ba, a ƙa'idar Malikiyya kashi 80 gare shi, a ta boko kashi 50. Don haka layi ɗaya da zai ce "wannan yarjejeniya a kan fiƙihun Malikiyya aka ƙulla ta" ba ado ba ne.

Wani haɗarin da masu kuɗi ba su cika sani ba: a dokar boko, karɓar kason riba alama ce ta farko cewa mutum abokin tarayya ne, ko da yake ita kaɗai ba ta yanke hukunci. In kotu ta ɗauke shi abokin tarayya, mai mota ko mai sito da yake bin yaro bashi yana iya biyo Alhaji har gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe hanyar yin rajistar tarayya mai iyaka a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, inda mai zuba kuɗi ba ya ɗaukar fiye da abin da ya zuba muddin bai sa hannu a gudanarwa ba. Ga mai manyan kuɗi, wannan ita ce rigar boko da ta fi dacewa da jikin ƙirali.

Yanzu ga yadda Babbar Kotu take karanta takarda. Tana ba kalmomi ma'anarsu ta yau da kullum, tana karanta takardar gaba ɗayanta ba layi ɗaya ba, kuma ba ta gyara wa mutum cinikin da ya ƙulla don ya zo yana kuka. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don a ƙara ko a rage ko a saɓa wa abin da aka rubuta. Yana da ƙofofi: zamba, tilas, kuskure, wata yarjejeniya ta baki da aka yi daga baya, da al'adar kasuwa, amma al'ada tana cike gurbin da takarda ta yi shiru ne kawai, ba ta ture abin da takarda ta faɗa. In kalma ta ɗauki ma'ana biyu kuma babu abin da ya warware ta, ana fassara ta a kan wanda ya tsara takardar. Yadda mutane suka yi ta mu'amala ma hujja ce. Wanda ya karɓi rabo sau huɗu ba tare da an cire hayar sito ba, bai ce uffan ba, zai sha wuya ya ce a karo na biyar dama ana cirewa.

A kula da takardun da ake bugawa a shagunan kwamfuta da Turanci. Turanci yana da kalma daban ga kuɗin ciniki gaba ɗaya, da ta ɗanyar riba kafin ɗawainiya, da ta tsantsar riba bayanta. Mai fassara a tsaye yakan ce musu duka "riba". A misalinmu kashi 10 na ta farko 582,000 ne, na ta ƙarshe 92,000. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, in kuma an yi harshe biyu a faɗi wanda za a bi in sun saɓa. Wanda bai iya karanta harshen takardar ba, doka ta ce mai rubutawa ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma nuna an karanta masa an fassara kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Saƙon WhatsApp da muryar da aka tura da takardar banki suna shiga shaida ta sashe na 84, amma sai an bi sharuɗɗansa, har da takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da su. Kada a goge hira, kada a sayar da wayar. Kuma duk tiransifa a rubuta dalilinta a wurin bayani, "jari" ko "rance" ko "kason riba", domin alat ɗin banki yana nuna kuɗi sun shiga ne kawai, ba ya faɗin na mene ne.

A kotun shari'a, inda babu takarda, tambayar ita ce maganar wa za a kama. Masu kuɗi su ji wannan da kyau. In an riga an fara aiki aka saɓa a kan kaso, mai juyawa ya ce biyu bisa uku, mai kuɗi ya ce ɗaya bisa uku, maganar mai juyawa ake kamawa da rantsuwarsa matuƙar abin da ya faɗa ya yi kama da abin da mutane suke yi. In ya faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba, a koma ga rabon da aka saba. In ya ce kaya sun halaka ko an yi asara, amintacce ne, ya rantse, sai in an kawo abin da ya ƙaryata shi. In ya ce ya mayar da kuɗi, nan ma ana gaskata shi, sai fa in da shaidu aka miƙa masa tun farko don tabbatarwa, to sai ya kawo shaidun mayarwa. Shaidu biyu a ranar bayarwa sun fi rantsuwa goma a ranar rigima amfani ga mai kuɗi. A kuma sani, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya tsayar da hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara da makamantansu. Rigimar ciniki zalla ba ta cikinsu, wanda ya kai ɗaukaka ƙararta can yana iya shafe shekaru sannan a ce masa ya shiga ƙofar da ba tasa ba. Masu son kauce wa kotu suna iya ambata mai sasanci a cikin takarda, sarkin kasuwa ko wani malami ko akanta, a rubuta cewa hukuncinsa ya ɗaure kowa. Dokar sasanci ta tarayya ta 2023 ta san da irin wannan sharaɗi in a rubuce yake.

Ba za mu tsawaita a kan dabbobi da ababen hawa ba. Mai turke ragunan layya da kuɗin wani, tambayoyinsa uku ne: dusa da harawa da magani daga jari suke ko daga aljihunsa, ragon da ya mutu kan wa, wanda bai shiga ba har Sallah ta wuce wa zai ci gaba da ciyar da shi. Balas ɗin da ɗan Keke Napep yake kai wa kullum kuwa haya ce, ko sayen biya-sannu, ba rabon riba ba, a daina kiransa da sunan da ba nasa ba.

Takardar da muke magana ba ta wuce shafi ɗaya ba. Adadin jari da ranar da aka miƙa shi, da kalmomi da alƙaluma. Jimla ɗaya da za ta ce riba ita ce abin da ya rage bayan uwar kuɗi ta dawo tsaba kuma an cire ɗawainiya kaza da kaza, a jera su da suna, abin da ba a jera ba sai da yardar su biyu a rubuce. Kason kowa cikin ɗari da sunansa a gefe. Izinin bashi, akwai ko babu, in akwai iyakarsa nawa. Raguwar awo da za a yafe, misali buhu uku cikin ɗari, abin da ya haura sai da bayani. Asusun banki na wannan harka ita kaɗai, domin in mai juyawa ya gauraya da kuɗinsa ko na wani Alhajin, raba su sai an ɗauko akanta, shi ma ladansa wata rigimar ce. Kwafi biyu, shaidu biyu, kowa ya ajiye nasa inda iyalinsa suka sani.

Maganar iyali ba ƙari ba ce. Rigimar da ta fi wuyar warwarewa ita ce wadda ɗaya daga cikin masu musafahar ya riga mu gidan gaskiya. In mai juyawa ne ya rasu kaya suna sito, magadansa suna da damar ƙarasa aikin su karɓi kasonsa in amintattu ne, ko su kawo amintacce, in sun kasa su miƙa dukiyar ba su da komai. In kuma an san an ba shi kuɗin ƙirali amma ba a same su a ware ba, daga abin da ya bari ake cirewa kafin a raba gado, marayu su biya abin da wataƙila ubansu ya riga ya mayar ba a rubuta ba. In mai kuɗi ne ya rasu, magada goma sha biyu ne za su zauna a inda mutum ɗaya yake zaune, kowanne da adadin da ya ji Baba ya taɓa ambata.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin lissafi da shari'ar ciniki,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.